Kaset Tara na Kawu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata bayan azahar muka kai Kawu makwancinsa. Da muka dawo Lugbe, unguwarmu a Abuja, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar shagonsa na walda, tsakanin rodi da wani get da ya bari bai ƙarasa ba. Abin da na lura da shi a kwana ukun farko, in ban yi kuskure ba, shi ne duk wanda ya zo ya yi addu'a ya shafa, sai ya ɗaga kai ya dubi cikin shagon kamar mai jiran wani abu ya fara.

Matar da ke sayar da abinci a tsallaken layi, mutuniyar Filato ce, ta zo da ɗankwali a hannu tana share ido. Ta ce da ni, "Oga ya tafi, layi ya mutu. Tun da ya kwanta shinkafa na yana ƙonewa, babu mai gaya mini lokaci." Mai gyaran janareta na gefenmu, wanda suka shekara ashirin suna faɗa da Kawu a kan wayar wuta, ya zauna a kan bokitin fenti har magariba. Liman ya ce Kawu mutumin sahun farko ne, bai taɓa jin ya ci haƙƙin kowa ba. Sai ya ƙara da "sai dai", bai ƙarasa ba, ya ce Allah ya gafarta mana baki ɗaya. Kowa a wurin ya san abin da ke bayan "sai dai" ɗin nan. Kawu Babba, yayansu shi da mahaifiyata, wanda ya taso daga Masaka, ya fi kowa sani. Idonsa na kan wani ƙaramin akwatin ƙarfe da ke saman kanta.

A cikin akwatin akwai kaset tara. Duk na ƙungiya ɗaya ce ta mawaƙan Turawa, masu irin kiɗan da ake kira hebi metal, mai ƙarar jita da dukan ganga kamar za a rushe ɗaki. Ba zan rubuta sunan ƙungiyar ba, don Kawu bai taɓa kiransu da shi ba. "Mutanena" yake cewa.

Yadda ya ba ni labari, yana saurayi ya zo Abuja lebura, lokacin da ake ta zuba gadoji. Aka haɗa shi da wani Bature injiniya wanda ba ya jin Hausa, shi kuma Kawu Turancinsa bai wuce sunayen kayan aiki ba. Baturen yana kunna wannan kiɗa a motarsa. Wata rana ya ga Kawu yana buga guduma daidai da ganga ba tare da ya sani ba, ya yi dariya. Da zai koma ƙasarsu ya naɗa masa kaset uku da hannunsa, ya yanko hotuna daga mujalla ya saka a cikin gidajensu. Sauran shidan Kawu ya tara su a hankali daga kasuwa, har da ɗaya da ya ce ya bi wani direban tanka zuwa Kwali kafin ya rabo shi da shi. Ban san ko gaskiya ne ba. Kawu yakan ƙara wa labari gishiri.

Abin da na tabbata da shi shi ne sanin da ya yi musu. Bai san sunan waƙa ko ɗaya da Turanci ba, sai ya raɗa wa kowacce nasa sunan, ya rubuta da ajami a bayan takardar hoton kowane kaset. Akwai Guduma Biyu. Akwai Jirgin Kaura, akwai Dokin da Ya Tsinke, akwai Kukan Uwa, wadda take farawa a hankali. Kana kunna masa daƙiƙa biyu daga tsakiya zai gaya maka kaset na nawa ne, fuska ta farko ko ta biyu, da wadda ke biye. Ya taɓa ce mini mai gangar kaset na biyar ba shi ne na huɗun baya ba, wai sabon ƙafarsa ta dama ta fi sauri amma ba shi da haƙuri. Ya ce a na bakwai mawaƙin ba shi da lafiya ko kuma yana da damuwa a gida. Daga baya na bincika. Zancen mai gangar haka yake. Zancen damuwar gida ban samu ba, amma ba zan ce ƙarya ba ne.

Da kaset yake auna aiki. Fuska ɗaya minti arba'in da biyar ce. Idan mutum ya kawo aiki ya tambayi yaushe zai samu, Kawu ba ya cewa gobe ko jibi, sai ya ce taga fuska biyu ce, gadon ƙarfe fuska biyar, get mai ganye biyu fuska goma sha huɗu in ba a ɗauke wuta ba. Sababbin zuwa sukan zaci wasa yake. Na layi kuwa sun saba, har mai abincin nan ta san idan kaset ɗin safe ya kai ƙarshe ya yi ƙas, lokacin sauke shinkafa ya yi. Kuma da an ce Allahu akbar a masallacin layi, ko da wutar walda na hannunsa, sai ya miƙa gwiwar hannu ya danne rikoda. Wannan ban taɓa ganin ya saɓa ba, shekara takwas da na yi a gidansa.

Matarsa, wadda muke kira Inna, ta tsani kiɗan. Bangon bulo ɗaya ne tsakanin shagon da madafinta. Takan ce shekara talatin da wani abu tana aure da mutum ɗaya da mahaukata biyar. Ta taɓa ɓoye batiran rikodar a cikin buhun gero har kwana huɗu. Sai Kawu ya riƙa yin waƙoƙin da bakinsa, har da jitar, har da gangar, da muryarsa mai kama da giranda, injin goge ƙarfe. Rana ta huɗu ta fito da batiran ta ajiye masa a kan kanta, ta ce gara mahaukatan asali.

Ni bayan sakandare mahaifiyata ta turo ni wurinsa don in yi jami'a. Shi ya ƙera mini teburin karatu da ragowar fayif, har yanzu a kansa nake rubuta wannan. Shi ya raɗa mini Malam Wataƙila, saboda wai ko sunana aka tambaye ni sai na ce ina ganin. Lokacin jarrabawata ta ƙarshe, ba tare da na roƙa ba, ya kashe rikodar mako uku. Layi ya yi tsit. A cikin makonnin nan ya ƙera wani get da ya fito a karkace, mai shi ya dawo da shi yana masifa. Kawu ya karɓa ya gyara, ya ce da mutumin ya yi haƙuri, ya yi aikin ne babu mutanensa. Bai taɓa ɗora mini laifin ba. A bakin mai janareta na ji.

Saɓanin da muka yi ni na jawo shi, kuma shi ne dalilin da ya sa nake ganin ba ni da hurumin rubuta wannan, ko da yake babu wanda zai rubuta in ban rubuta ba.

A cikin waƙoƙin duka, wadda Kawu ya fi so ita ce ta ƙarshen fuskar farko ta kaset na biyu, cikin waɗanda Baturen ya naɗa. Yankan Wuƙa yake kiranta. Jitar tana hawa, tana hawa, sai a tsakiyar hawan ta yanke, rikoda ta yi ƙas. Kawu yakan cire tabarau ya ce, "Ka ji masu hankali. Haka mutuwa take, ba ta jira ka gama magana."

Bayan na dawo daga bautar ƙasa, ina zaune ba aiki, sai na ce bari in faranta masa. Na nemo ƙungiyar a waya, duk kundayen waƙoƙinsu a jere da sunaye da shekaru. Na kai masa shago da rana, ga mai janareta, ga wasu masu jiran aiki. Na fara nuna masa cewa abin da yake kira kaset na uku kundi biyu ne Baturen ya gauraya. Ya ce to. Na kunna masa Guduma Biyu, ya saurara, ya ce me ya sa suke gudu kamar ɓarayi. Sai a lokacin na gane rikodarsa ta tsufa, tana jan zare a hankali, shekaru yana jin su da nauyin da ba nasu ba. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Da na tsaya a nan.

Na kunna Yankan Wuƙa. Da ta zo wurin da take yankewa, ba ta yanke ba. Jitar ta sauko, mawaƙin ya dawo, aka ci gaba kusan minti huɗu, sannan ta lafa a hankali har ta ɓace. Na yi masa bayani, da muryar wanda ya yi digiri, cewa zaren kaset ne ya ƙare wa Baturen, ba wata hikima ba ce. Mai janareta ya fashe da dariya yana cewa ashe shekara arba'in Oga yana wa'azi da guntun kaset.

Kawu ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya ce, "Kashe." Ya mayar da tabarau ya ci gaba da walda.

Bai yi fushi irin wanda ake gani ba. Ya ci gaba da ba ni abinci da wurin kwana, yana tambayar ko an kira ni intabiyu. Amma bai sake kirana in zo in ji wani wuri a waƙa ba, kuma, ina ganin, ban sake jin kaset na biyu a shagon ba. Shekara biyu. Sau da yawa na shirya ba shi haƙuri, sai in ce wataƙila tayar da zancen ya fi barinsa ciwo.

Hawan jini ne ya kayar da shi a shago, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Kwana goma sha ɗaya ya yi a asibiti. A kwana na shida na ga yatsun hannunsa na hagu suna buga ƙarfen gado, biyu a jere, ɗaya, biyu a jere. Na gane. Na sa masa abin kunne na kunna daga waya, sai ya kawar da kai, ya yi ta kawarwa har na cire. Ba waɗannan yake nema ba. Nasa yake nema, masu nauyi, masu jan ƙafa. Na ce gobe zan kawo rikodar. Da gobe ta yi na yi tunanin ɗakin mutum takwas ne, wataƙila ma'aikatan jinya su hana, wataƙila Inna ta ji kunya a gaban masu dubiya, wataƙila a ce mutum na bakin mutuwa ana kunna masa kiɗa maimakon Yasin. Na ce bari ya ɗan samu sauƙi. Bai samu ba, kuma har ya rasu ban kai rikodar ba. Wannan ne na kasa yafe wa kaina. Rikodar ba ta fi nauyin bulo ɗaya ba, kuma mota ɗaya ce daga Lugbe.

Ranar sadakar bakwai, bayan an watse sai dangi, Kawu Babba ya sa aka sauko da akwatin. Ya buɗe a kan tabarma, kusa da murhun gawayin da ake dafa shayi. Ya ɗaga kaset ɗaya bayan ɗaya yana duba hotunan: ƙoƙon kai, wuta, wata halitta mai ƙaho. Ina so a fahimce ni, Kawu Babba ba mugu ba ne. Shi ya goyi Kawu suna yara, kuma tsoro yake ji kada ƙaninsa ya kwana a kabari da nauyin abin da ya bari a baya. Ya ce niyyarsa a ƙona akwatin da abin da ke ciki, amma ba ya son ya yanke hukunci a kan abin da bai sani ba. Ya juyo gare ni.

"Kai ne ka yi boko. Me suke cewa a ciki?"

Na san me suke cewa, na karanta kalmomin duka. Na ce yawanci a kan yaƙi ne, da mutuwa, da mutanen da aka zalunta. Ya ce Shaiɗan fa. Na ce akwai inda ake ambatonsa, amma wataƙila ba yabonsa ake yi ba, ya danganta da yadda mutum ya fassara, ban tabbata ba.

"E ko a'a, ɗan nan."

Na ce e, akwai. Sannan, ban san daga ina ya zo mini ba, na ce amma Kawu bai taɓa jin kalma ɗaya daga ciki ba. Na ce shi ganga yake ji da jita, da su yake auna get da taga, kuma a tambayi duk layin nan ko kiɗan ya taɓa hawa kan kiran salla. Na ce in akwai zunubi a kalmomin, a kaina yake, ni da na karanta su. Ban taɓa yi wa babba magana mai tsawon haka ba.

Kawu Babba ya sake duban hotunan. Can ya ce robar ba ta yi masa komai ba, in kwashe su kada ya sake ganinsu, amma hotunan nan ba za su kwana a gidan ƙaninsa ba. Ya fara zaro takardun daga gidajensu yana sa wa a murhu.

Na san abin da ke bayan takardun. Ina kallo ta farko ta naɗe, ajamin Kawu ya bayyana a jikin wuta, layi-layi, da bisimilla a sama kamar yadda yake fara kowane rubutu, ko na awon ƙofa. Na buɗe baki. Sai na yi tunani: in na ce akwai bisimilla, wataƙila ya dakata. Wataƙila kuma ganin sunan Allah a bayan ƙoƙon kai ya sa ya ƙona har kaset ɗin. Ina cikin auna wannan da wancan ta tara ta shiga wuta.

Tun ranar nake zaune a teburin da ya ƙera mini ina ƙoƙarin tuna sunayen. Waƙoƙin sun haura saba'in. Na tuna ashirin da uku, kuma biyar daga ciki ban tabbata wace waƙa ce ke da wane suna ba. Wayata za ta ba ni sunayensu na Turanci kafin in ƙifta ido, da shekara, da wanda ya buga me. Mutum dubu nawa ne a duniya suka san wannan. Amma wanda ya san wace ce Ruwan Kwali, da dalilin da ya sa, mutum ɗaya ne, na kunyata shi a gaban maƙwabta, na hana shi ji a gadon asibiti, sannan na tsaya ina kallo aka ƙona rubutunsa. Mai janareta ya tuna uku, biyu a cikinsu ina da su. Mai abinci ta ce ita ƙas ɗin kawai ta sani. Kullum na tashi sai in ji kamar wani sunan ya sake zamewa, kamar tsabar gero a tafin hannu.

Allah ya jiƙan Kawu. Allah ya dubi sahun farkon da bai bari ba, da get ɗin mutane da bai taɓa rage wa ƙarfe ba, da mako ukun da ya yi shiru saboda ɗan ƙanwarsa. Abin da ya yi kuskure a ciki Allah ya yafe masa, abin da na yi masa kuma Allah ya sa ya yafe mini.

Shekaranjiya da hantsi na shiga wurin Inna da takardata. Tana takaba, tana zaune a ƙofar madafi tana tsince wake. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na tambaye ta ko wataƙila, a cikin shekarun nan, ta taɓa jin Kawu ya ambaci sunan wata waƙa. Ba ta ɗago ba. Ta ce ita mai takaba ce, ba za ta zauna sauraren kiɗa ba, kuma ko ba takaba, me za ta yi da mahaukata. Na ba ta haƙuri na miƙe. Har na kai ƙofa ta ce, "Shagon dai ba nawa ba ne. Bangon nan kuma ka san ba shi da kauri."

Na buɗe shagon, karo na farko tun ranar sadakar bakwai. Na kakkaɓe rikodar, na sa batir. Kaset ɗin duk sun zama iri ɗaya babu takardunsu, na ɗauki wanda hannuna ya faɗa a kai. Zaren ya ɗan saki, na ɗaure shi da biro yadda yake yi. Na danna, na rage ƙara sosai.

Ganga ta shigo, mai nauyi, mai jan ƙafa. Ban san ta ba. Na riƙe alƙalami a kan takarda.

Ta bayan bango muryar Inna ta zo, kamar mai yi wa wake magana. "Tsohuwa Ta Hau Tudu."

Na rubuta. Ta biyu na san ta, Dokin da Ya Tsinke, na faɗa da ƙarfi, ta ce a'a, Dokin na kaset na shida ne, wannan Ƙanin Doki ce, ashe bokon nawa bai kai nan ba. Na soke na gyara. Ta uku ta faɗa tun kafin jita ta shigo. Ta huɗu ta ce wannan ranar da aka haifi babbar 'yarsu ya sa wa waƙar suna, sai ta faɗi sunan, sai na ji tsintar waken ta tsaya.

Sai ta biyar ta fara, na gane kaset ɗin da na ɗauka. Na kai hannu zan kashe, ban kashe ba. Daga bayan bango ba a ce komai ba. Jitar ta hau, ta hau, ta hau, a tsakiyar hawan ta yanke. Rikoda ta yi ƙas.

Na zauna. A tsallaken layi na ga mai abinci ta miƙe ta nufi tukunyarta.

"Malam Wataƙila," in ji Inna, "juya mana. Shi ba ya barin rikodar ta huce."